Karan da Na Ja wa Toka

Satin da ya wuce wani ango daga unguwarmu ya zo mini da 'yar mage a cikin kwalin taliya, idanunsa sun yi ja zur. Ko gaisuwar kirki bai yi ba ya dire kwalin a gabana.

"Baba Ila, karɓi abarka. Kwana shida ba mu runtsa ba. Da rana tana kwance kamar ta Allah, dare na yi sai ta hau labule, ta faɗo kan kwanuka, jiya ma ta ciji amarya a yatsan ƙafa."

Na ce, "Da daddare kafin ku kwanta me kuke yi da ita?"

Ya ce, "Me za mu yi da ita kuwa? Muna dai ba ta abinci."

Samarin da ke zama a benci ƙofar siton da nake gadi suka fashe da dariya. Ɗaya ya ce wai yanzu renon mage ma sai an shiga makaranta. Na ci gaba da taunar gorona, amma maganar ta tsaya mini a rai. Shekara arba'in da ɗoriya ina gadin siton hatsi a Rano, kuma duk tsawon shekarun nan ina renon maguna ina ba masu rumbu da masu sito, daga nan har Kibiya. Ba a sayar da mage, kowa ya san wannan. Wanda ya karɓa yakan aiko da mudun gero ko 'yar kaza bayan girbi, wanda bai aiko ba kuma ba na bin sa. Ku da kuke ganin aikin ba komai ba ne illa a zuba nono a kasko, ku zauna in gaya muku.

Mage ta farko da aka damƙa mini baƙa ce mai farin wuya, 'yar wata biyu. Gwaggo Hajara ce ta ba ni ita, ƙanwar mahaifina da ke Zurgu, wadda a wurinta na koyi aikin. Gero da daddawa take sayarwa, kuma duk ƙauyen an san ɓera ba ya kwana biyu a rumbunta. Daren farko magen nan ta hana ni sakat, tana hawa kaina tana sauka. Da na gaji sai na kifa mata kwando na danne da dutse. Ta kwana tana kuka, ni ma na kwana ina ji. Da safe Gwaggo ta ɗaga kwandon ta ga faratanta sun yi jini wajen neman hanyar fita. Ba ta zage ni ba, da ma zagin ta yi.

Ta ce, "Ila, ƙarfin da ka kulle jiya yana nan, bai je ko'ina ba. Yau da dare za ta haɗa maka na jiya da na yau."

Haka kuwa aka yi, daren nan sai da na raina kaina.

Abin da Gwaggo ta koya mini ba shi da yawa, yin sa kullum ne wuya. Ta ce 'yar mage ba mugunta ke tashin ta da dare ba. Lokacin da ɓera ke fitowa, lokacin jininta ke tashi, wato daga magariba zuwa bayan isha, sai kuma dab da asuba. Haka Allah ya yi ta, kuma don haka ne ma muke neman ta. Ba ta kwanciya barcin kirki sai ta yi abu huɗu a jere: ta yi farauta, ta kama, ta ci, ta lashe jikinta. In ka tsallake na farko ka ba ta abinci kawai, kamar yadda angon nan ya yi, to farautar tana nan tana jira, kuma a kan labulenka da ƙafar matarka za ta sauke ta.

Kayan aikin ba su da yawa. Karan dawa mai kauri, tsawon kamu biyu. Siririyar igiyar rama, ita ma kamu biyu, a ɗaure a bakin karan. A ƙarshen igiyar kuma gashin zabo uku ko huɗu a ɗaure da ɗan tsumma don ya yi nauyi. Na kaza ma yana yi, amma na zabo ya fi ƙwari, ya fi jure haƙori. Sai fasasshiyar tukunya da za a kifa a tsakar gida, da kasko biyu, na ruwa da na abinci, da tsohon kwano cike da yashi don bayan gidanta. Shi ke nan. Amma jan gashin nan shi ne aikin, kuma na yi wata uku kafin Gwaggo ta daina ƙwace karan daga hannuna. Ba kaɗa shi ake yi a fuskar mage ba, ɓera ba ya zuwa gaban mage ya yi rawa. Jan sa za ka yi yana gudu daga gare ta, ya tsaya cak, ya ɗan motsa, ya ɓuya bayan tukunya ya bar wutsiya a waje. Za ka ga ta lafe, ƙugunta na rawa, sannan ta yi tsalle. Ka bar ta ta kuskure sau biyu sau uku. Haka za ku yi ta yi bayan isha har ta kwanta a gefe guda tana haki. Kada ka ce an gama, ƙarya take yi. Ka jira numfashinta ya dawo ka sake, ka kuma sakewa. A zagaye na uku sai ka sakar mata gashin ta kama, ta rungume shi tana harbi da ƙafafun baya. Nan take, ba sai an jima ba, ka ajiye mata abincinta mafi yawa na ranar, kan busasshen kifi a murmushe da ɗan tuwo, ko dafaffen hanjin kaza. In ta ci za ta zauna ta lashe jikinta tas, kafin ka gama kulle ƙofa ta yi barci.

Akwai sauran ƙananan abubuwa. Da hantsi da la'asar ka tashe ta ku ɗan taɓa wasa, kada ta wuni tana tara maka barci. In ta yi kuka tsakar dare kada ka tashi, kada ka yi mata tsawa, kada ka jefe ta da takalmi, don duk wannan a wurinta wasa ne ka amsa. In ka tashi da asuba kuma kada ka ba ta komai sai ka dawo daga masallaci. Wanda ya saba ba ta abinci da zarar ya buɗe ido, ya naɗa wa kansa ladani, kuma ladanin nan tun ƙarfe uku zai fara kira. In da hali a reni biyu tare, su gajiyar da juna. Sai ta kai wata biyar sannan a fara kai ta sito ko gindin rumbu da magariba, inda ake son ƙarfin ya yi amfani.

Wani Alhaji mai siton gyaɗa a Madaci ya taɓa karɓar muzuru a hannuna, lafiyayye, na yi wata biyar a kansa. Bayan sati uku ya aiko wai na ba shi malalaci. Na je na tarar da shi ƙashi da fata. Ashe hana shi abinci ake yi, wai yunwa ce za ta sa ya kama ɓera. Na ce, "Alhaji, kai in an hana ka tuwo kwana uku za ka iya ɗaukar buhu?" Ya ce ai shi ba mage ba ne. Na saka muzuruna a buhu na dawo da shi gida, Alhaji ya yi shekara ba ya amsa gaisuwata. Irin wannan ba ta dame ni ba, don ni ke da gaskiya.

Doka ɗaya ce Gwaggo ba ta wasa da ita. Karan ya kasance a sama, a bayan kan magen, kada ya taɓa ƙasa a gabanta, kada kuma hannunka ko ƙafarka su zama abin wasa. Gashin kaɗai za ta gani yana motsi. Ta ce, "Duk abin da ta saba cafka a wata ukun farko, shi ne abin farautarta har ta tsufa. Ka kula da abin da kake nuna mata." Na riƙe wannan doka shekara talatin. Shekara ɗaya na sake ta, kuma labarin shekarar ne ba na son bayarwa.

A shekarar nan damina ta yi tsawo, ruwa bai ɗauke da wuri ba, ciyawa ta rufe ko'ina. Kafin a gama girbi ɓera ya cika ƙasa. Da rana tsaka za ka ga suna tsere a kan katanga. Mutane suka rufe ido suna zuba shinkafar ɓera a kowane lungu, maguna suka yi ta cin ɓerayen da suka ci gubar, su ma suna mutuwa. Cikin wata biyu magunan unguwanni suka ƙare, ɓeran kuwa bai ƙare ba. Sai kowa ya tuna da Ila. Da sassafe zan fito in tarar da mutane a ƙofar gida, wani daga Zurgu, wani daga Kibiya, kowa na cewa ko jaririya ce a ba shi. Ni da ba na wuce uku a lokaci ɗaya, sai ga ni da goma sha ɗaya a zaure, waɗansu nawa, waɗansu marayu da aka tsinto aka kawo mini.

Mutum ɗaya ba ya ja wa 'yan maguna goma sha ɗaya gashi ɗaya bayan ɗaya, ga gadin sito yana jirana. Gashin ma dare ɗaya suke yagalgala shi. Wata rana igiyar ta tsinke, na rasa wata a kusa, sai na zari sillen kara daga dannin gida na ja shi a kan tabarma. Bakin karan yana ƙar-ƙar-ƙar, sai ga su duka sun taso kansa a guje. Cikin ɗan lokaci duk sun gaji sun zube. Na ji muryar Gwaggo a kunnena, ita kuwa ta riga mu gidan gaskiya da daɗewa, amma na ce ai na yau ne kawai. Gobe na sake, jibi na sake. Sati shida ina jan tsiraran kara a ƙasa. A cikinsu akwai wata mai ruwan toka, ƙarama a jiki amma ta fi kowa wuta. In sauran sun kwanta ita tana nan tana dakon karan, ko motsi ya yi kaɗan ta dira a kansa da ƙafa huɗu. Toka nake ce mata.

A cikin wannan hali saƙon Malam Yusha'u ya iso daga Unguwar Gai ta Kibiya. Dattijo ne mai koyar da manya karatu a zaurensa, mahaifina ma ya taɓa zama a gabansa. Ba don hatsi yake neman mage ba. Yana da wani littafi da kakansa ya rubuta da hannu, da ajami, waƙoƙin wa'azi ne da lissafin taurarin damina da sunayen waɗanda suka fara saran dajin wajen. Babu irinsa a wurin kowa. Takardun sun tsufa, rubutun ya koɗe, kuma hannun kakan nan ba mai iya karanta shi sai Malam, don a gabansa ya tashi. Shekara biyu ke nan yana kwafe shi a sabuwar takarda, falle bayan falle, yana sauri saboda yanar ido ta fara rufe masa gani. Ga ɓera kuma ya shiga gafaka ya fara cin gefen takardun. Saƙon ya ce in taimaka masa kafin ɓera ya riga shi.

Ba ni da babbar mage ko ɗaya a lokacin. Na ɗauki Toka, tana wata uku da 'yan kwanaki, na hau mashin na kai ta da kaina bayan la'asar. Na tarar da Malam a ɗakin karatunsa a kan buzu. Tsofaffin takardu a damansa, sababbi a hagunsa, kurtun tawada a tsakiya, ga fitilar sola an jingine a bango tana jiran dare. Ya ce da rana masu karatu ba sa barin sa, hasken rana kuma yana kashe masa ido, don haka bayan isha yake rubutu har inda ƙarfinsa ya kai.

Ya ce, "Malam Ila, wannan 'yar mitsitsiyar ce za ta yi mini gadi?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, warinta kaɗai ya isa ya rage su. Kafin wata biyu kuma za ta fara kamawa."

Ya ɗauki alƙalaminsa ya nuna mini inda ya kwana. Alƙalamin sillen kara ne, irin wanda malamai ke feƙewa. Ya ja layi ɗaya a kan takarda don in ga kyan tawadar, bakin alƙalamin ya yi ƙar-ƙar. Toka tana cikin hannuna, na ji duk jikinta ya ɗaure, kunnuwanta sun miƙe. Na ji, kuma na gane abin da na ji. Abin da ya kamata in yi a fili yake: in ce Malam wannan ba ta dace da ɗakin nan ba, a ba ni sati biyu in nemo wata, ko kuwa in ce kada a kuskura a bar ta ta shigo in ana rubutu. Amma faɗin haka sai na faɗi dalili, dalilin kuwa shi ne na yi ha'inci a aikina. Ga magariba ta kawo kai, ga goma suna jirana a gida. Na ƙara matse ta a ƙirjina na yi shiru.

Na yi wa Inna Rabi, matar Malam, bayanin wasan bayan isha da abincin dare. Ta ce, "To da me za a yi mata wasan? Ka zo da abin?" Ban zo da shi ba. Na ce, "Ko kara ne ku ja mata, tana so." Da bakina na faɗi wannan.

Bayan kwana tara Inna Rabi ta sa aka kira ni a waya. Ta ce magen ba ta barin kowa ya runtsa. Ita gwiwoyinta ba sa barin ta ta daɗe a tsugune tana jan kara, Malam kuma ya ce shi da furfurarsa ba zai zauna yana wasa da mage ba. Sun gwada rufe ta a ɗakin girki, ta kwana tana kuka, Malam ya ji tausayi ya buɗe. Yanzu a ɗakin karatu take kwana, tun da can ne ɓerayen suke. Ta ce, "Malam Ila, ko za ka zo ka duba ta?" Na ce su ƙara mata wasa, zan shigo ranar Juma'a. Juma'a ta zo wani mai sito ya tsare ni, ban je ba. Daga Rano zuwa can ba wata tafiya ba ce, da na so da na je na dawo tsakanin azahar da la'asar.

Daren Litinin abin ya faru. Yadda Inna Rabi ta ba ni labari, Malam ya cika kurtu da sabuwar tawada, ya baje fallayen ƙarshe na littafin kakansa a gabansa, guda goma sha huɗu, don ya ga yadda waƙar ƙarshe ta tafi kafin ya fara kwafe ta. Su kaɗai suka rage masa. Toka tana kan gafaka a saman wani akwati. Ya sunkuya ya fara rubutu, alƙalami na tafiya a kan takarda. Sai ta diro daga sama da ƙafa huɗu a kan hannunsa. Kurtun ya kife a kan tsofaffin takardun. Malam ya yi salati, ya kai hannu cikin ruɗewa yana sharewa da hannun riga, ga ido ba ya gani sosai, sai ya ƙara shafe tawadar a kansu. Inna Rabi ta shigo da gudu ta ɗauko ruwa, wai ko za a wanke ta sama. Ruwan ya narkar da ta ƙasa ma. Tsohuwar takarda ce, ta sha ta yi laushi kamar tuwo.

Da safe na je, wannan karon ba wanda ya tsare ni. An shanya fallayen a kan tabarma a tsakar gida, baƙi ƙirin, wasu sun manne da juna. Uku ne ake iya ganin wani abu a gefensu. Malam yana zaune a zaure, hannun rigarsa har yanzu da tawada. Na durƙusa na gaishe shi. Toka kuwa tana kwance a rana tana barci abinta.

Na ce, "Allah gafarta Malam, bari in tafi da ita."

Ya ce, "A'a. Me ta sani? Dabba ce, wasa ta gani. Bar ta, sauran littattafan ma suna bukatar mai gadi."

Can ya ce, "Abin da ke ba ni mamaki, Malam Ila, mun yi maguna a gidan nan tun ina yaro. Kakana yana rubutu mage na kwance a gefen buzunsa. Ban taɓa ganin wadda ta faɗa wa alƙalami ba. Haka suke yi?"

Ga ƙofa ya buɗe mini da kansa. Na dubi ƙasa na ce, "Ƙananan sukan yi haka, Malam."

Ya ce, "To. Allah ya ƙaddara."

Na dawo gida na tattara duk karan da ke zaure na cusa a murhu. Na bi gidaje ina roƙon gashin zabo, na koma jan igiya ɗaya bayan ɗaya har ƙarfe ɗaya na dare, ina zuwa gadi ina gyangyaɗi. Waɗanda suka rage a hannuna na gyara abin da ya gyaru. Duk wanda na riga na ba mage a shekarar na bi shi na ce a kula da ita wajen tsintsiya da carbi da duk wani abu siriri mai motsi. Kowa na gaya wa, ban da mutum ɗaya. Sati-sati nakan je Unguwar Gai da karana da igiyata in gajiyar da Toka da hannuna, har ta girma ta natsu. Ta zama magen da ban taɓa renon irinta ba wajen kamu, ɓera ya ƙaurace wa gidan ɗungurum. Malam yakan yi mini godiya a kan zirga-zirgar da nake yi, yana cewa samun mai riƙon amana irina sai an tona. Duk lokacin da ya faɗi haka sai in ji kamar in nutse.

Ya yi ƙoƙarin rubuta waƙar ƙarshen da ka. Baiti kaɗan ya tuna, sauran suka ƙi zuwa, shi kuma ya ce ba zai sa wa kakansa maganar da bai tabbatar ba. Sunayen mutanen farko na wajen ma a fallayen nan suke, ya tuna wasu, wasu sun tafi ke nan. Kafin damina ta zagayo idon ya rufe gaba ɗaya.

Zuwana na ƙarshe wurinsa, na same shi a ɗakin karatun, ya rame, Toka na kwance a cinyarsa yana shafa ta. Na yi niyya tun daga gida cewa yau zan faɗa. A kan mashin har na shirya yadda zan fara. Bayan mun gaisa ya sa hannu ya lalubo gafaka, ya zaro sabon littafin ya miƙo mini.

"Buɗe ƙarshe, Malam Ila. Me ka gani?"

Na ce, "Fararen takardu ne, Malam."

"Goma sha huɗu ne. Na sa an bar su haka, don wanda ya gaje shi ya san akwai abin da ya ɓata, kada ya ɗauka nan littafin ya ƙare." Ya numfasa. "Ka san abin da ke hana ni barci? Shekara saba'in ina rubutu, kakana ya sha gaya mini kada in baje tsohuwar takarda kusa da kurtu. Dare ɗaya na yi ganganci. Amanar gidanmu ta zo hannuna ta lalace, kuma ba laifin kowa ba ne sai nawa. Da wane ido zan dube shi gobe kiyama?"

Hawaye na bin gemunsa. Littafin yana hannuna. Kalma kaɗan ce za ta sauke masa rabin kayan nan, kuma tana kan harshena. Sai na ji Inna Rabi tana tahowa da kwanon fura, na ji kunyar a ce a gabanta.

Na ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya, Malam."

Ya ce, "Amin. Kai dai ba ka da laifi, ka yi iyakar yinka."

Na ce a raina sai wani zuwan, in mun kaɗaita. Kwana goma sha biyu bayan nan aka kira ni jana'izarsa.